Daga Azare Zuwa Abuja: Abin Da Ke Sa Sabbin Littattafan Soyayya Daɗin Karatu

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah na shiga motar haya daga Kano zuwa Azare. Tun kafin mu wuce Wudil wata baiwar Allah da ke zaune a kujerar baya ta kunna wayarta, muryar wani mai karanta littafi ta cika motar. Labarin wata yarinya ne da aka ɗaura wa aure da ɗan yayan mahaifinta, ma'aikaci a Abuja, alhali shi yana da wadda yake so. Mazan da ke cikin motar kowa ya nemi abin da zai nuna ba ya saurare. Wani ya rufe ido, ni na kafa wa taga ido, dattijon da ke gaba kuma ya shiga jan carbi. Muna gab da Jama'are cajin wayar ya ƙare, daidai lokacin da mijin ya ɗauko takarda da biro. Motar ta yi tsit. Can sai dattijon nan mai carbi ya waiwayo, ya tambayi mai wayar ko dai sakin yaron zai rubuta. Direba bai ce uffan ba, ya zare cajarsa ya miƙa baya.

Da dattijon da sauranmu duk mun san inda irin wannan labari yake ƙarewa. Mijin zai gane darajar matar da aka zaɓa masa, zai yi nadama, ita kuma za ta ja masa rai kafin ta haƙura. Duk da haka babu wanda ya yarda a bar labarin a tsakiya. Tambayar da ta dace a yi game da sabbin littattafan soyayya na Hausa ke nan, waɗanda yawancinsu yanzu a waya ake rubuta su, a sayar, a kuma karanta ko a saurara: idan an san ƙarshe tun daga farko, daga ina daɗin yake fitowa?

Tambayar ta shafi ma'aikatan tarayya fiye da yadda za a zata. Akwai masu karatun nan a ofisoshinmu, wasu a fili, wasu a ɓoye, kuma Abujar da muke aiki a cikinta ita ce filin da labarai da yawa ke gudana.

Hanyar da aka biyo

Soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙagaggen labarin Hausa. Cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, labarin saurayin da mai dukiya ya ƙwace wa budurwa har ya shiga duniya neman ramuwa. A rukunin nan ne kuma Shaihu Umar ya fito, na wani malamin makaranta daga ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa.

Ambaliyar ta zo ne daga tsakiyar shekarun 1980, kuma abu biyu suka haɗu suka haifar da ita. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye matasa masu yawa da suka iya karatun boko da Hausa. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. Matasan da ke son rubutu suka daina jiran kowa, suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. A Kano aka kafa ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke cikin jigoginta. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talakawa, ya zama littafin da kusan duk wanda ya tashi a wancan zamani ya karanta ko ya ji labarinsa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?

Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, saboda haka abin da ya fito a kasuwar Sabon Gari ba ya daɗewa bai iso ba. Na tashi na tarar da yayyena mata suna karɓar littattafan nan haya, kwana ɗaya ko biyu, sirara masu hoto a bango, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Littafi guda kan zaga gida biyar kafin ya koma hannun mai shi, bangon ya yi laushi, an ɗinke tsakiyar da zare. Babban tashin hankali shi ne a gama na ɗaya a tarar wata ta riga ta ɗauke na biyu.

Ba a bar harkar ta tafi salin-alin ba. Ibrahim Malumfashi ya raɗa mata suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, ya kuma yi mata suka mai zafi. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka kare ta a shafukan jaridu, aka shafe shekaru ana muhawara. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Bayan shekara biyar, a 2012, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin da wuta da suka ba su iya yi wa kasuwar takarda ba, wayar hannu ta yi shi cikin 'yan shekaru. Rumfunan haya suka ragu, labaran kuma suka ƙaura zuwa WhatsApp da Facebook da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks, masu karantawa da murya suka kai su YouTube.

Jinkiri da kunya

Daɗi na farko yana cikin jinkiri, kuma al'adarmu ta tanadar wa marubuci kayan jinkiri masu yawa. Amarya ba ta kiran sunan mijinta. Budurwar da aka tambaya game da mai nemanta a gaban iyaye takan sunkuyar da kai. Saurayi ba ya kallon surukinsa ido cikin ido. Tun da baki ba ya faɗin abin da ke zuci kai tsaye, sai ƙananan abubuwa su ɗauki nauyin da ba su da shi a wani wuri. Ranar da mijin da ya shafe wata uku yana ture abincinta ya zauna ya cinye, mai karatu ya san wani abu ya motsa. Ranar da ya kira ta da sunanta na yanka maimakon “ke”, ko ita ta daina ce masa Yaya ta rasa abin da za ta kira shi, an hau mataki na gaba. Marubuciyar da ta san aikinta za ta iya shimfiɗa irin waɗannan matakai ashirin tsakanin ɗaurin aure da ranar da ɗayansu zai furta so, kowanne kuma mai karatu yana jin sa a jikinsa.

Lokacin da muke nazarin littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, a jami'a, abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na riga na san tsarinsa daga littattafan yayyena. Ga namiji mai ji da kai wanda ba ya son magana, ga yarinya mai kaifin baki, ga uwa da ta matsu ta aurar da 'ya'yanta, ga dangi masu duba asali da dukiya. Marubutanmu na yau suna kiran irin wannan namiji miskili, kuma da wuya a buɗe sabon littafi ba a same shi ba. Dokokin zaman jama'a su ne suka ba Austen abin da za ta riƙe masoyanta da shi. Marubucin da al'ummarsa ta sassauta irin waɗannan dokoki dole ya ƙago katanga. Marubucin Hausa kuwa yana da su a ƙofar gida: umarnin iyaye, auren zumunci, bambancin asali, kishiya, dangin miji.

Sabbin littattafan sun ƙara katangun da na da ba su sani ba. Akwai gwajin jini kafin aure, wanda kan raba masoyan da suka shekara suna tare saboda gudun haifar mai sikila. Akwai yarinyar da ta gama digiri ta samu aiki, mai nemanta ya ce sai ta ajiye. Akwai tsohon saƙo da ya rage a waya, da bazawara mai 'ya'ya biyu da ke neman wanda zai riƙe ta da su, da mijin da aiki ya kai wani gari ya bar iyali a gidan iyayensa. Waɗannan duk matsaloli ne da mai karatu ya gani a gidansu ko a maƙwabta.

Abin da aka faɗa a zuci

Daɗi na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne littafin yana buɗe ƙofar da rayuwa ke rufewa. A gida, idan aka sanar da mace za a yi mata kishiya, abin da za a ji daga bakinta bai wuce fatan alheri ba. A littafi, mai karatu yana bin ta har ɗaki, ya ji lissafin da take yi: shekarun da ta yi tana haƙuri da babu, sarƙar da ta sayar aka biya kuɗin makarantar yara, tsoron abin da facaloli za su ce, da kuma son da har yanzu take yi wa mutumin. Kalmomi huɗu, “a ranta ta ce”, su ne mabuɗin wannan adabi baki ɗaya.

Ga mace mai karatu, wannan shaida ce cewa abin da take ji ba ita kaɗai ke jin sa ba. Ga namiji kuwa, wata dama ce ta jin abin da ba za a taɓa faɗa masa a fuska ba. Ina zaton abin da ya sa dattijon cikin motarmu ya kasa haƙuri ke nan. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya ya san abin da takarda da biro ke nufi, amma da wuya a ce ya taɓa zama cikin zuciyar yarinyar da ke tsaye tana kallon ana rubutawa. Ma'aikacin da ke zuwa Azare sau ɗaya a wata, ya kwana biyu ya koma, zai iya samun labarin gidansa a irin waɗannan shafuka fiye da yadda zai same shi a kiran wayar dare.

Tare da wannan akwai daɗin magana ita kanta. Littattafan da suka fi karɓuwa su ne waɗanda marubutansu suka iya habaici da gatse da baƙar magana, suka san yadda uwargida ke yi wa amarya sannu da zuwa da kalmomin da ba za a kama ta da laifi ba. Kusan kowane littafi yana da kaka mai tsiwa, wadda shekaru suka ba ta lasisin faɗin abin da kowa ke tsoro, tana wasa da jikokinta tana kwance wa 'ya'yanta zani a kasuwa. Akwai wasan taubasai, akwai na Fulani da Barebari, wanda mutumin ƙasar Katagum ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Inda mai karatu ya yi dariya shi kaɗai a cikin mota, galibi a irin waɗannan wurare ne.

Sakayya tun a duniya

Daɗi na uku shi ne hukunci. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi, uwar 'ya'yansa tara, ya kore ta saboda amarya. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, shi kuma dukiyarsa ta lalace, ya dawo yana neman wadda ya kora. Fiye da shekara talatin bayan fitowar littafin, sabbin marubuta ba su bar wannan turba ba. Uwar mijin da ta shiga malamai don raba aure sai ta ga sakamako, ƙawar da ta ci amana sai asirinta ya tonu, marainiyar da aka bautar sai ta zama wadda ake zuwa gaisarwa.

Ana iya cewa wannan sauƙaƙa rayuwa ne, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur, ko ya jira bashin ƙarin girma shekara da shekaru, ya san ƙishirwar ganin an yanke magana. A littafi ana sauraren ƙara, a yanke hukunci, a zartar, duk kafin shafi na ƙarshe. Mai karatu ya san duniya ba haka take tafiya ba, shi ya sa ma yake komawa.

Abujar littafi da Abujar ma'aikaci

A nan ne mai karanta wannan jarida zai yi murmushi. Jarumin sabon littafi da wuya ya zama ƙaramin ma'aikaci. Ko dai mai kamfani ne, ko babban soja, ko likita, ko matuƙin jirgin sama, ko ɗan minista, ko yarima. Gidansa yana Maitama ko Asokoro, motocinsa ba sa ƙirguwa, idan ransa ya ɓaci sai ya tafi Dubai ya huce. Ma'aikacin gaske kuwa yana fitowa daga Mararaba ko Nyanya ko Kubwa da asuba don ya riga cunkoso, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Hadimin da ke riƙe wa maigidansa jaka ya san cikin gidajen Maitama, ya kuma san ba kullum ake dariya a cikinsu ba.

Mafarkin yana da tushe a wuri irin Azare. Ƙasar Katagum ta daɗe tana ba tarayya manyan ma'aikata. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci Hukumar Ma'aikatan Tarayya tun ana Legas. Alhaji Aminu Saleh ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Abacha. Alhaji Yayale Ahmed, mutumin Shira, ya yi Shugaban Ma'aikata, ya yi Ministan Tsaro, sannan ya zama Sakataren Gwamnati a zamanin 'Yar'aduwa. Yarinyar da ta tashi tana ganin jerin motoci suna shigowa gari ranar jajiberin Sallah ba ta buƙatar a koya mata cewa arziki daga babban birni yake zuwa.

Na taɓa yi wa ƙanwata tsiya a kan wannan, na ce littattafan nan za su sa ta raina duk wanda ya zo da babur. Ta nuna mini cewa ta san bambancin labari da rayuwa, kuma gidan Maitama a wurinta daidai yake da gidan sarki a tatsuniya, wurin da ake kai yarinya don labari ya yi armashi. Abin da take bi, in ji ta, shi ne yadda za a zauna a cikin gidan. Na yarda da rabin maganarta. Ɗaya rabin kuma ina ganin sa a tsadar lefe da kayan ɗaki, da samarin da ke jin an auna su da ma'aunin da ba na duniyar nan ba. Littattafai ba su suka ƙirƙiro wannan buri ba, amma suna ba shi ruwa.

Abin lura shi ne, cikin sabbin littattafan da na karanta, waɗanda suka fi zama a raina su ne 'yan kaɗan da suka ba jarumi albashi mai iyaka. Da zarar kuɗi ya yi ƙaranci, kowace shawara sai ta yi nauyi: a biya haya ko a kai ta asibiti, a je gida Sallah ko a aika kuɗin mota a matsayin cefane. Soyayyar ma'aikaci mai mataki na takwas, wanda matarsa ke koyarwa a Azare shi yana raba ɗaki da abokinsa a Mararaba, labari ne da ke jiran mai rubuta shi, kuma masu karatunsa suna nan a kowace ma'aikata.

Shafi-shafi

Yadda ake sakin labarin ma wani ɓangare ne na daɗinsa. Marubuciya takan saki shafi ɗaya ko biyu a rana a zauren WhatsApp. Shafukan farko kyauta ne, idan labari ya kama mutum sai a ce ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya, ya nuna shaidar biya, a shigar da shi zauren masu biya. Masu karatu suna mayar da martani nan take, suna zagin mugu, suna roƙon a tausaya wa jaruma, wani lokaci har su karkatar da alƙalamin marubuciyar. Charles Dickens ya yi irin wannan ciniki a Ingila tun 1836, lokacin da yake sakin labarinsa kashi-kashi kowane wata, jama'a suna jira. Bambancin shi ne nasa masu karatun sai sun rubuta wasiƙa, na yau kuwa suna cikin aljihun marubuciya dare da rana.

Tsarin ya buɗe ƙofa ga matar aure da ke cikin gida a Azare ko Misau ko Gamawa ta yi rubutu ta samu kuɗi ba tare da ta taka maɗaba'a a Kano ba. Karatun murya kuma ya shigo da waɗanda ba su yi boko ba, da waɗanda hannunsu ke cikin wanki ko tuƙi. Amma yana da farashi. Dole kowane shafi ya ƙare da ƙugiya, dole labari ya yi tsawo don a ga kuɗi ya biya, sai a tarar da littafin da ya kamata ya ƙare a shafi na arba'in an ja shi zuwa ɗari da hatsarin mota da mantuwar tunani da tagwayen da aka raba tun suna jarirai.

Abin da aka rasa a hanya

Aikina shi ne gyaran rubutun wasu, saboda haka abin da idona ke fara gani shi ne rashin edita. Haruffa masu lanƙwasa sun ɓace daga yawancin shafuka, har ba a bambance baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, sai mai karatu ya yi canke. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Turanci inda Hausa ke da kalma tsaf. Yaron da ya tashi a Abuja, wanda wataƙila wannan ce kaɗai rubutacciyar Hausar da yake gani, zai ɗauka haka ake rubuta ta.

Na biyu shi ne batsa. Wasu marubuta sun gano tana sayar da littafi, suka mayar da ita jari, alhali waya tana hannun 'yan shekara goma sha. Ban da illar tarbiyya, akwai illar adabi: littafin da ya buɗe komai a shafi na biyar ya kashe jinkirin da shi ne ransa, ba shi da sauran matakin da zai hau. Na uku shi ne sata. Da wuya a buɗe littafin kuɗi ba a ci karo da gargaɗi da Allah ya isa ga mai fitar da shi ba, kuma duk da haka ana fitarwa, wadda ta yi wata uku tana rubutu da babban yatsa ta ga aikinta yana yawo kyauta. Na huɗu shi ne adana. Littafin takarda na 1990 ana iya samun sa a akwatin wata tsohuwa ko ɗakin karatu na jami'a. Na waya yana tafiya da wayar idan ta faɗa ruwa. Rufe manhajar OkadaBooks a 2023 ya nuna cewa rumbun intanet ma yana iya rushewa.

Ƙona littafi bai magance komai ba a 2007, yanzu kuwa babu ma abin da za a ƙona. Abin da aka ga yana aiki shi ne gasa mai alƙalai da tacewa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ta nuna irin rubutun da ke fitowa idan marubuciya ta san za a auna kowace jimla, kuma a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ce ta lashe ta. Irin wannan ma'auni ne dogayen labaran waya suka rasa.

Azare a cikin labari

Garin Azare, inda aka mayar da fadar masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 daga Katagum, yau cike yake da matasa masu karatu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, akwai asibitin tarayya, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Ɗalibai da malaman jinya da matasan malamai su ne ainihin masu karanta littattafan nan, daga cikinsu kuma marubuta ke fitowa. Sai dai a yawancin abin da ya zo hannuna, harshen Kananci ne, filin kuma Abuja ko Kano ko Kaduna. Guddiranci, da kasuwar gari, da fadamun kogin Jama'are, da zaman Hausawa da Fulani da Barebari wuri guda, ba su cika samun shiga ba. Marubuciyar da ta yi ƙarfin halin ajiye masoyanta a nan, ta bar su su yi magana da bakin garinsu, za ta ba mai karatu abin da gidan Maitama na ɗari ba zai ba shi ba.

Akwai abin da kowa zai iya yi. Sassan Hausa na kwalejin da jami'ar za su iya fara tattara waɗannan littattafai suna adanawa, su kuma horar da ɗalibai aikin tace rubutu, wanda sana'a ce mai ci. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Abuja, waɗanda ba sa rasa kuɗin gasar ƙwallo, za su iya sa kyauta ga labari mafi kyau da aka gina a ƙasar Katagum. Mai karatu kuma ya biya kuɗin littafin da yake jin daɗinsa, ya daina tura shi ga wanda bai biya ba, ya kuma duba abin da 'yarsa ke karantawa ta hanyar karanta shi tare da ita.

Wayar baiwar Allah nan ta kama bayan mun bar Jama'are. Ashe mijin ya rubuta layi ɗaya ne ya yage takardar, ya ɗauko wata ya sake rubutawa, ya sake yagewa, yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da tiren abinci a hannu. A nan shafin ranar ya ƙare, mai karatu ya yi sallama ya ce sai gobe. Da muka shiga tashar Azare, dattijon ya sauka ya karɓi jakarsa, ya ɗan yi jim, sannan ya dawo wajen taga ya tambayi sunan littafin. Ya ce 'yarsa zai faɗa wa.